Ya ce tsakanina da shi ne, ashe makirufo a kunne yake

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar fim ce mai tasowa. Shekara biyu ke nan ina haɗa fim na gaskiya, wato dokumentari, a kan rayuwar wani dattijo mai hoto wanda a hannunsa na fara koyon riƙe kyamara. Baba nake ce masa. Ya haura shekara 70, ya yi fiye da 40 yana ɗaukar mutane, yanzu kuma jiki ya fara ƙi. Ranar da ya amince a yi fim ɗin, sharaɗi ɗaya ya gindaya min: kada in taɓo maganar matarsa ta fari da ta rasu, da 'yar da suka haifa. Na ce na yarda. Ya sa hannu a takardar amincewa wadda ta ba ni ikon amfani da duk abin da na naɗa.

Wata rana da yamma mun gama hira, na sauke kyamara na rufe ta, ashe ɗan makirufon da na maƙala masa a wuyan riga a kunne yake. Ban ankara ba sai da magana ta yi nisa. Da na ankara kuma ban kashe ba. Ya yi kusan minti 20 yana magana. Ya ce ranar da matar ta cika ba ya gida, ya tafi ɗaukar hoton wani taro bayan ta roƙe shi ya zauna. Ya ce tun daga ranar, tsakaninsa da 'yar sai gaisuwa. Ya ɗauko wani hoto da ya yi wa matar tana kwance, wanda 'yar ba ta san da shi ba. Ya yi kuka. Sannan ya ce, "Wannan tsakanina da ke ne."

Editana ya ji muryar, ya ce wannan ne ƙashin bayan fim ɗin, sauran duk ado ne. Ƙungiyar da ta ba ni kuɗi ta ga abin da muka haɗa ba tare da wannan ba, ta ce ya yi kyau amma babu armashi. Na samo lambar 'yar, ina tunanin kiran ta. Ga kuma akwatunan nagatif, wato fim ɗin kyamara da ake wanke hoto daga jikinsa, na mutanen da ya ɗauka shekara da shekaru, ya ce in yi yadda nake so da su. Doka tana gefena. Ba na son in cuce shi, ba na kuma son in yi fim ɗin yabo zalla. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki saka. Na faɗa tun daga farko ne don kada ki yi ta karatu kina jiran inda zan sassauta. Maganar nan amana ce aka ba ki, kuma mai ita ya faɗi haka da bakinsa har sau biyu: ranar da ya gindaya sharaɗi, da ranar da ya share hawaye ya ce tsakaninsa da ke ne. Masu irin aikinki sau da yawa damuwarsu ita ce ba su san inda iyaka take ba. Ke kin san inda take. Tambayarki ta gaskiya ita ce ko akwai dalilin da zai halatta tsallake ta.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da na ji daɗin ganin ta duk da ba ta yi miki ado ba: "Da na ankara kuma ban kashe ba." Barin makirufo a kunne mantuwa ce da ke samun kowa. Duk wanda ya yi aiki da ɗan abin nan na wuyan riga ya san mutum kan manta da shi har ya shiga banɗaki da shi. Amma daga lokacin da idonki ya kai kan na'urar, kika ga lambobi na tafiya, kika kau da kai, ya tashi daga mantuwa. Ban faɗi haka don ki kwana kina zargin kanki ba. Hannun mai fim haka yake, in ya ji abu mai nauyi ba ya son sakin maɓalli. Na faɗa ne saboda daga nan gyara zai fara: har yanzu Baba bai san muryarsa na ajiye ba, bai kuma san wani na uku ya saurara ba.

Takarda kuwa, kada ki jingina da ita da yawa. An ƙirƙiro takardar amincewa ne don ta kare mai fim daga shari'a, shi ya sa gidajen talabijin da masu rarraba fina-finai suke neman ta kafin su karɓi aiki. Amma dubi lokacin da ake sa mata hannu: kafin a kunna kyamara, mutum bai san abin da sabo na shekara biyu zai fito da shi daga bakinsa ba. Baba ya sa hannu ne a kan abin da ya san ana naɗa. Ko ta fuskar doka ma kin yi saurin cewa tana gefenki. Ƙasashe da dama suna da dokoki a kan naɗar muryar mutum ba da saninsa ba, kuma sharaɗin da ya faɗa da baki kika ce kin yarda ba lallai ya tashi a banza a gaban alƙali ba. Wannan aikin lauya ne. Ni abin da ya dame ni ya wuce kotu.

A 2009 Patricia Aufderheide da abokan aikinta a jami'ar American University da ke Washington sun yi doguwar hira da masu fim na gaskiya 45 a kan irin wannan tsaka mai wuya. Babu wata rubutacciyar ƙa'ida da ta haɗa su, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu uku: kada ka cutar da wanda kake ɗauka, ka kare mai rauni, kada ka ci amanar mai kallo. Sun kuma nuna cewa ba ma'auni ɗaya suke yi wa mai ƙarfi da marar ƙarfi ba. A nan ne amsar tambayarki take, don akwai "kada ki saka" da bai kamata a saurara ba. A 1966 Frederick Wiseman ya shiga asibitin masu taɓin hankali da ake tsare da su a Bridgewater, jihar Massachusetts ta Amurka, ya ɗauki yadda ake wulaƙanta su. Gwamnatin jihar ta kai shi kotu da sunan kare sirrin majinyata, aka hana jama'a ganin fim ɗin har 1991. Hujjar sirrin ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don an nuna mutane tsirara waɗanda ba su da halin cewa e ko a'a. Amma shirun ya fi yi wa hukuma amfani fiye da majinyatan.

To ki riƙa auna kowane hani da wannan: wa shirun yake karewa, wa kuma yake cuta? Da a ce Baba ya gaya miki cewa hotunan da ya yi suna da su na wani yaronsa ne ya ɗora musu sunansa, ko yana sayar da hotunan matan da suka zo sitidiyo ba da saninsu ba, da amsata ta canja, don fim ɗin da zai kira shi gwani ya rufe wannan ƙarya ne, kuma akwai waɗanda aka zalunta. Ko a nan ma ba da satar murya za ki bi ba, tunkarar sa za ki yi ido da ido, kyamara a fili. Amma mutumin da ya fita aiki ranar da matarsa ta cika, yake ɗauke da nadama tun daga lokacin, babu mai kallon da ke bin sa bashin wannan labarin. Mutum ɗaya ce take da haƙƙi a ciki, ita ce 'yar.

Na san abin da editanki zai ce, don hujja ce da ta tsufa: mutumin da ya yi shekara 40 yana leƙa fuskokin mutane, yau don an juyo da kyamara kansa zai ce a'a? To ai wanzami ba ya son jarfa, masu hoto kuwa sun yi fice a wannan. Henri Cartier-Bresson, wanda ya yi suna da ɗaukar mutane a titi ba su ankara ba, ya ƙi jinin a ɗauke shi. Na Robert Frank ya fi ban mamaki. A 1972 ya bi mawaƙan Rolling Stones yawon wasanninsu na Amurka yana ɗaukar abin da ke faruwa a bayan fage. Da suka ga abin da ya haɗa suka garzaya kotu, aka ƙare a kan ba za a nuna fim ɗin ba sai jefi-jefi, kuma sai shi Frank yana wurin. A 2004 kuma Gerald Fox ya yi fim a kan rayuwar shi Frank ɗin, mutumin da ya rasa 'ya'yansa biyu: Andrea a haɗarin jirgin sama a 1974, Pablo a 1994. Frank ya ga fim ɗin ya shiga sirrinsa da yawa, aka taƙaita nuna shi, bai fita gidajen sinima ba sai 2019, shekarar da ya rasu. Wani zai ce son kai ne, wataƙila ma da gaskiyarsa. Amma don mutum ya taɓa tsallake iyakar wasu, tasa ba ta zama halal ba. Ki kuma lura cewa fim ɗin Fox ya jira shekara 15, jiran bai kashe shi ba.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ya wuce makon nan. Ki je wurinsa ba kyamara, ba jakar aiki, wayarki ma ki ajiye ta a inda yake gani. Ki ce: "Baba, ranar da ka yi min maganar marigayiya, makirufo a kunne yake. Na gani, ban kashe ba. Editana ya ji. Ba zan saka ba, kuma in ka ce a goge, a gabanka zan goge." Sai ki yi shiru. Kada ki haɗa neman gafara da neman izini a zama ɗaya. In kika haɗa, tuban ya zama ciniki, kuma dattijon da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskoki zai gane kafin ki rufe baki.

Zai iya yin fushi. Zai iya cewa ki kwashe kayanki, fim ɗin ma ya fasa. Ba zan ɓoye miki ba, wannan na iya faruwa. Amma ki auna shi da ɗaya ɓangaren: ya ji muryarsa tana kuka a zauren kallo, ko wani ya kira shi ya ce ya ga guntun a Facebook.

In ƙura ta lafa, kina da damar tambaya sau ɗaya, a kan sabon zama, ba a kan waccan muryar ba. Akwai wanda ya yi irin wannan ya dace. Bill Cunningham ya shafe shekaru yana yawo a keke a titunan New York yana ɗaukar hoton suturar mutane wa jaridar New York Times, yana kwana a ɗan ɗaki tsakanin akwatunan nagatif, ba ya son a san komai game da shi. Richard Press ya ce shekara 8 ya yi yana lallashin sa kafin ya yarda a yi fim a kansa, wanda ya fito a 2010. Dab da ƙarshen fim ɗin, darakta ya gaya masa a gaban kyamara cewa zai yi masa tambaya biyu da suka shafi sirrinsa, kuma ba dole ba ne ya amsa. Ɗaya a kan soyayya, ɗaya a kan addini. Ta farko ya amsa da 'yar dariya da kewaye-kewaye. Da aka zo ta biyu sai ya sunkuyar da kai ya yi dogon shiru, kyamara na kansa, sannan ya ɗago ya faɗi 'yan kalmomi. A ganina nan ne wuri mafi nauyi a fim ɗin gaba ɗaya, kuma ba a saci komai ba. Ya san ana ɗauka, an gaya masa zai iya ƙin amsawa, abin da ya bayar shi ya ga dama. Irin wannan kike iya nema wurin Baba: ya zauna ya faɗi iya abin da ya zaɓa, ko da abin da ya zaɓa shi ne "ba na maganar wannan."

Sai dai ki yi hattara da "to" ɗin dattijo mai ƙaunarki. Shi ya koya miki aiki, yana son ki ci gaba, ya san shekara biyu kika zuba, ga jiki ya yi rauni. In kika ce masa masu kuɗi za su janye in babu wannan, zai iya cewa "saka kawai" don kada ya zama sanadin faɗuwarki. Wannan kara ce, ba yarda ba. Kada ki ambaci masu kuɗi ko da wasa. In ya amince, ki bar shi ya kwana biyu sannan ki sake tambaya, ki kuma gaya masa dalla-dalla inda fim ke zuwa a yau: ba zaure ɗaya ba ne a dare ɗaya, abu ne da ke zama a intanet, a yanka shi gunduwa-gunduwa, jikokinsa su ci karo da shi bayan shekara 20.

Lambar 'yar kuwa, ki cire hannunki daga kanta. Ba a ɗauke ki aikin sulhu ba, kuma mai fim da ke sulhu da kyamara a jaka, ba a san wanne yake yi ba, shi kansa bai sani ba. In kika kira ta, me za ki ce ya sa kika neme ta? Duk amsar da kika bayar, kin fara kwance abin da aka ba ki a ɗaure. Ko da Baba ya yarda gobe, rabin labarin nata ne, uwarta ce ta rasu tana kallo. Hoton nan na mahaifiyarta a kwance, in har za ta gan shi, a hannun mahaifinta ya kamata ta gan shi, ba a allo tare da baƙi cike da zaure ba. Abin da za ki iya, a matsayinki na 'yarsa ta sana'a ba darakta ba, shi ne ki ce masa, "Baba, maganar da ka gaya min, ita ya kamata ta ji." Daga nan ki janye.

Akwai wani tunani da ba ki rubuta ba, amma kin ambaci rashin lafiyarsa, kuma na san abin da zuciya ke rayawa cikin dare: in ya rasu fa? Allah ya ba shi lafiya da nisan kwana. Amma ki sani mutuwarsa ba za ta warware alkawarin ba. Vivian Maier ta yi kusan shekara 40 tana renon yara, yawanci a Shikago, tana ɗaukar hoto a titi ba ta nuna wa kowa. A 2007 aka yi gwanjon kayanta saboda an daina biyan kuɗin wurin ajiya, wani mai suna John Maloof ya sayi wani kaso. Nagatif ɗin da ta bari sun haura 100,000. Ta rasu a 2009 kafin duniya ta san ta. Fim ɗin da aka yi a kanta a 2013 ya shiga takarar Oscar, kuma a cikinsa waɗanda ta rena da iyayensu suka baje halayenta, har da tara tsofaffin jaridu da zafin hannu ga wasu yaran. Mace ce da ke sa kwaɗo a ƙofar ɗakinta. Har yau ana gardama ko an kyauta mata, kuma babban uzurin masu fim ɗin shi ne ba ta nan balle a tambaye ta. Ke ba ki da wannan uzurin, don naki ya riga ya ba da amsa.

Yanzu mu koma kan fim ɗin kansa. Tsoron da kike yi na fim ɗin yabo yana kan hanya, don mai kallo ma yana da haƙƙi a kanki. Amma riƙe sirri daban, yin ƙarya daban. Ba za ki saka muryar ba, haka kuma ba za ki bar wani tsohon abokinsa ya ce a fim "bai taɓa fifita aiki a kan iyali ba" alhali kin san abin da kika sani. Ki cire duk irin wannan. Za ki iya ma, da saninsa, ki sanar da mai kallo cewa akwai wurin da ba a shiga ba: jimla ɗaya da muryarki, cewa ya yarda a yi maganar komai ban da iyalinsa, ke kuma kin amince. Masu kallo ba yara ba ne, suna ganin girman wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shigo da sirrin ta bayan gida: kyamara ta daɗe a kan hoton wata mata a bango, a ɗora kiɗa mai sosa zuciya, a yanko fuskarsa daga wata hira daban yana murza ido. Editoci sun ƙware a wannan, kuma cin amana biyu ne, tasa da ta mai kallo.

Batun "babu armashi", ina zargin na san daga inda ya fito. Shekara biyu kina ɗaukar mutumin da kike jin nauyinsa. Ba zan yi mamaki ba in yawancin abin da kike da shi dattijo ne a kujera yana ba da tarihi, ke kina gyaɗa kai. Iyalinsa ya hana, bai hana aikinsa ba, kuma a aikin akwai tambayoyi masu zafi da nauyi ya hana ki yi. Wane hoto ne yake jin kunyarsa? Ya taɓa ɗaukar wanda ya ce kada a ɗauke shi? Yaran da ya koya wa aiki suka tafi da fushi fa? Yaya ya ji ranar da ya gane wayar hannu ta kwashe masa kasuwa? Ki yi gardama da shi a gaban kyamara, ki bar shi ya yi miki tsawa. Sannan ki sa shi ya ɗauki mutum a gabanki: yadda yake kama haɓa da yatsa biyu ya ɗan karkata ta, yadda yake gyara wuyan riga, abin da yake faɗa daƙiƙa ɗaya kafin ya danna don fuska ta saki. In har yanzu yana wanke hoto da hannu, ki shiga ɗakin duhu da shi, ƙarƙashin jar fitila, ki tsaya a kan farar takarda cikin ruwan magani har fuska ta fara tasowa, ki ɗauki yadda yake manta kina wurin. Mai kallo zai gane irin mutumin da yake kallo.

Akwatunan nagatif kuma, "yi yadda kike so" ya yi faɗi. Mallakar nagatif daban, haƙƙin buga hoton daban. Wannan ne ya jefa hotunan Maier cikin shari'a a 2014, lokacin da wani lauya ya nemo wani ɗan'uwanta a Faransa ya ce shi ne magaji. Ki sa Baba ya rubuta miki yanzu waɗanne hotuna ya ba ki, don fim kaɗai ko har da talla, kada magada su zo su tarar da magana ta baki. Sai kuma masu fuskokin, waɗanda Baba ba shi da ikon yafe miki haƙƙinsu. Seydou Keïta ya buɗe sitidiyonsa a Bamako a 1948, mutane na zuwa da kwalliyarsu don su rataye hoto a ɗaki ko su aika wa dangi. A 1991 wasu daga cikin hotunan suka bayyana a wani baje koli a New York, ko sunansa babu a jiki balle nasu. Florence Owens Thompson, wadda Dorothea Lange ta ɗauka da 'ya'yanta a wani sansanin 'yan ci-rani a Kalifoniya a 1936, fuskarta ta zama tambarin talaucin wancan zamani. Da wani ɗan jarida ya gano ta a 1978, ta ce da ma ba a ɗauka ba, ko sunanta ba a tambaya ba.

Ba za ki iya nemo dubban mutane ba, ba kuma a ce sai kin yi ba. Hoton taron jama'a a fili ba shi da nauyin hoton mutum ɗaya a ɗaki. Duk wanda aka ɗauka cikin ciwo, ko cikin shigar da ba ta fita ba ce, ko a wurin da ba zai so a san ya je ba, ki bar shi a akwati. Ki zaɓi 'yan kaɗan da kyamararki za ta daɗe a kansu, ki nemi masu su ko 'ya'yansu. A nan nake ganin fim ɗinki yake. Tsohuwa riƙe da hotonta na 'yanmatanci tana gaya miki abin da mai hoto ya ce mata ranar har ta yi wannan murmushin. Wani zai yabe shi, wani zai ce ya cika faɗa, wani zai ce ya riƙe masa hoto wata uku. Wasu za su ce kada a nuna nasu, ki ce to. Waɗannan mutane za su ba ki Baba da kyau da muninsa, kuma duk da yardarsu.

In kin gama haɗawa, shi zai fara gani kafin kowa. Wannan tsohuwar al'adar sana'ar ce. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi yawancin aikinsa a Nijar, ya ɗauki farautar dorina da masuntan Sorko ke yi a kogin Neja, ya koma garin Ayorou a shekarun 1950 ya haska musu. Suka ce kiɗan da ya ɗora a kan farautar kuskure ne, kiɗa ƙara wa dorina ƙarfin hali zai yi, farauta da shiru ake yin ta. Ya karɓi gyaran. Ki ba Baba haƙƙin gani da haƙƙin magana, amma almakashi ya zauna a hannunki. In ya nuna kuskure, ki gyara. In ya ce wani wuri ya taɓa iyalinsa, ki cire, don haka kuka yi da shi. In kuwa don ya ga kansa yana masifa ne, ko ya ga tsufa a fuskarsa, ki ba shi haƙuri cikin ladabi ki bar abinki. Ku rubuta wannan a rabin shafi tun kafin ranar, kowa ya riƙe nasa.

Masu kuɗi ba sai sun san akwai wata murya ba. Kada ki ce musu kina da wani abu amma ba za ki iya saka shi ba, don daga ranar ba za su bar ki ki huta ba, kuma kin riga kin fara tonon. Ki ce kin ji gyaransu, ki nemi ƙarin lokaci don ɗaukar mutanen da ke cikin hotunan, ki kai musu sabon tsari a rubuce. Editan kuma ki zauna da shi yau. Ki tambaye shi kwafi nawa ne, a kwamfutarsa, a ma'ajiyar waje, da a intanet inda kuke tura wa juna aiki, a goge su a gabanki, a bar ɗaya tak a hannunki. In ya ci gaba da ja, ki nemi wani editan. Kwafin da ya rage ki saka shi a ɗan memori ki tafi da shi ranar da za ki je wurin Baba. Shi zai ce a goge, ko a ajiye, ko a ba 'yarsa.